Katangar Marvin

Talata, 8 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta fara sauka jiya da yamma, yau kuma 'yata Lesya ta bugo daga Saskatoon, sai ka ce dama jiran farin farko take yi. Ko lafiyata ba ta tambaya ba. Wai ta sa sunan babanta Orest a gidan kula da tsofaffi na Yorkton, don ko-ta-kwana. Kuma wai ranar da Orest ya rasa wankin ƙoda saboda hanyarmu ta toshe, magana ta ƙare, gari zai koma. Yarinyar da na haifa ce take gindaya mini sharaɗi a kan mijina.

Na ce mata ta yi ta jira, na kashe waya.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne tsoro nake ji. Litinin, Laraba, Juma'a, dole in fita da shi asibiti. Daga ƙofarmu zuwa titin gwamnati ya kusa kilomita, babu ko itace ɗaya ta arewa, gireda kuma ba ta shigowa hanyar mutum. Tun aurenmu Orest ke share ta da 'yar katafilarsa. Bana ƙafafunsa ko matakinta ba sa iya hawa. Ni kuwa ga furfura, ban taɓa zama a cikinta ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Na hau. Sanda biyu ne, ka tura duka ta yi gaba, ka tura ɗaya ta juya a inda take kamar akuyar da aka ɗaure. Na tume gungumen shinge, na kusa shiga rumbun hatsi.

Orest na zaune a taga yana ta wurga hannu. Da na shigo ya fara karatu: kada in kankare farin farko, in bar shi ya danne ya rufe tsakuwa. Kada in tara ko cokali ɗaya ta gefen arewa maso yamma, ta nan iska ke zuwa. In ɗiba da bokitin katafilar, in kai can kudu cikin gona in zubar. Na ce da bokitin nan rabin yini nake yi, wuyana ya sage saboda waige. Ya ce bokitin ya riƙe gidan nan tun Lesya ba ta iya tafiya ba, bai ga dalilin da zai kasa yanzu ba.

Dalilin na zaune a kujera da bargo a cinya. Ban faɗa ba, amma ya ga fuskata.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Da aka jona Orest da na'urar wankin ƙoda na sulale na tafi shagon masu kayan noma. Wani saurayi mai gemu kamar na bunsuru ya tare ni, kalmarsa ta farko: ina maigidan? Na ce yana can ana wanke masa jini, ni ce maigidan yau.

Kawuna uku ya nuna mini da ake ɗaura wa katafila a gaba. Garma mai karkata, tana ture ƙanƙara gefe, da sauri. Wani akwati mai fukafukai da ke tara ta yana turawa gaba. Sai injin feshi, yana haɗiye ta da wani ƙarfe mai murɗawa, ya watso ta ta bututu can nesa.

Akwatin ni da kaina na kore shi. Na filin ajiye motoci ne, a doguwar hanya siririya zai cika kafin in yi nisa, ina zan kai? Injin feshin ne ya kwanta mini, amma wai famfon man tsohuwar katafilarmu ba shi da ƙarfin juya babba, sai ƙarami, ƙaramin kuma sai an sauko da shi daga Regina.

"Misis Boyko, ki ɗauki garma kawai," in ji shi. "Ita mata suka fi jin daɗi, ba ta da wuyar sha'ani."

Na tambaye shi mata nawa ya taɓa sayar wa. Ya hau gyaran hula.

Talata, 15 ga Nuwamba

Orest ya ce injin feshi na 'yan birni ne masu tsoron shebur. Na ce to ga shebur can bayan ƙofa. Ba mu ƙara magana ba har dare.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Ina dafa shayi na ji ƙarar mota. Na leƙa, sai ga maƙwabcinmu Marvin Sawchuk da a-kori-kurarsa, garma a gaba, yana ta kai da kawo a hanyata. Ba wanda ya kira shi. Kafin in zura takalmi ya gama, ya danna ham sau biyu, ya ɗaga mini hannu, ya tafi yana jin kansa waliyyi.

Na fita na duba. Hanya fes, har tsakuwa ya kankaro, farin farkon da na lallaɓa ya tafi. Dama da hagu kuwa ya gina mini katanga har gwiwa. Ta arewa ma ta fi tsayi.

Kuma ba halin magana. Haka muka taso: gidan da ke da mara lafiya, maƙwabci ya zo ya share hanya ba tare da ya tambaya ba, don tambayar ma cin fuska ce. Kai kuma ka kai masa abinci, ka yi godiya, ka rufe baki. Shi ya girbe mana alkama bana da Orest ya kwanta. Don haka na yini ina naɗa perogi, kwaɓin fulawar nan da ake cusa wa dankali da cuku, ina zaginsa a kan kowane ɗaya, na kai wa matarsa Doreen da murmushi har kunne.

Juma'a, 25 ga Nuwamba

Ko ƙwaya ɗaya ba ta sauko daga sama ba, iska kawai aka yi kwana biyu. Da safe hanyar ta cika dam, daidai da bakin katangar Marvin, ta daskare kamar siminti. Gonar da ke gefe kuwa har karan alkama ana gani. Duk ƙanƙarar yankin nan hanyata ta zo ta kwanta.

Tun da duhu nake sara da bokiti. Mun isa asibiti a makare, ma'aikaciyar jinya ta dubi agogo, ta dube ni. Da ma ta yi magana in samu wanda zan yi wa faɗa.

Laraba, 30 ga Nuwamba

Marvin ya sake zuwa. Katanga ta kai ƙugu.

Na tare shi a bakin hanya na fara kewaye-kewaye, wai kada ya riƙa wahalar da kansa, mai ya yi tsada, ina iyawa. Ya yi dariya ya ce haba Nadiya, in bai yi wa Orest ba wa zai yi wa, ai ko cikin dare ne in kira shi. Idonsa har ya kawo ruwa don daɗin kirkinsa.

Na ce wa Orest shi ya gaya masa, namiji da namiji. Ya ce Marvin bai taɓa sanin inda iska ke fitowa ba tun suna makaranta, amma shi ba zai buɗe baki ya kushe alheri ba. Wato ya san ana binne mu, ya zaɓi a binne mu da mutunci.

Alhamis, 1 ga Disamba

Na buga wa mai gemun bunsuru na ce ya sauko da ƙaramin injin feshin. Ban shawarci kowa ba.

Asabar, 10 ga Disamba

Injin ya iso shekaranjiya. Orest ya dube shi ta taga ya ce an kawo wa gidan amarya.

Ranar farko abin kunya ne. Na juya bututun yana fuskantar iska, katafilar kuma ba ƙofa sai ledar da Orest ya ɗaure tun tuni, duk abin da na watsa ya dawo mini a fuska da wuya. Sannan injin ya haɗiyi tsakuwar da garmar Marvin ta kankaro, ya harba ta, ta fasa gilashin tagar gareji. Can kuma ya ci dutse ya tsaya cak. Ashe akwai wata 'yar ƙusa da aka yi ta don ta karye a madadin injin. Na cire safar hannu na canza ta, yatsuna kamar ba nawa ba.

Yau dai na gane kansa. Bututu kudu, tafiya a hankali, a ɗan ɗaga bakin daga ƙasa. Na bi katangar arewa na cinye ta tas, ina kallon ta tana tashi sama tana faɗawa can cikin gona. Na yi ihu ni kaɗai cikin injin. Na daɗe ban ji daɗin wani abu haka ba.

Orest ya ce ba laifi. Daga bakinsa wannan lambar yabo ce.

Lahadi, 18 ga Disamba

Na yi abin da za a riƙa faɗa har bayan raina.

Jiya mun je kantin magani, muka dawo na tarar Marvin ya zo. Sabuwar katanga, dama da hagu, a kan hanyar da na yi mako ina baje ta. Na zauna cikin mota na riƙe sitiyari.

Yau bayan addu'a ana shan kofi a ɗakin ƙasa na coci, ya zo da farantin kek yana gaya wa mutane wai ya ga na sayi sabon abin wasa, amma kada in damu, yana nan yana dubawa. Mata suka ce Allah sarki Marvin. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Marvin, don girman Allah ka fita daga hanyata. Duk zuwan da ka yi, ni nake kwana biyu ina kwashe alherinka. Katangarka ce za ta kai mijina gidan tsofaffi, ba ciwon ƙoda ba."

Kowa ya juyo yana kallonmu. Fuskarsa ta yi ja. Doreen ta ajiye kofinta ta ɗauko masa kwat. Fada, limamin cocin, ya sunkuyar da kai yana karanta bayan kwalin madara.

Ban yi nadama ba. Na rubuta a nan don in gani da idona: ban yi ba.

Talata, 27 ga Disamba

Bai sake zuwa ba. In mun haɗu a titi yana ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari kamar yadda ake yi wa baƙo. Doreen ta aiko da robar perogina a wanke, ba komai a ciki. A nan ba a mayar da roba haka.

Hanya kuwa shimfiɗe, iska na wucewa ta kanta ba ta samun abin kamawa. Ba mu makara ba ko sau ɗaya. Lesya ta zo hutu, ta shigo da 'yar motarta har ƙofa, na jira ta yaba. Sai cewa ta yi, "Mama, kin rame." Ta kuma tambaya wa ke zama da Tato, wato babanta, in ina waje. Na ce mala'iku.

Lahadi, 15 ga Janairu

Rediyo na ta gargaɗi. Tun jiya ba a ganin gareji daga taga. Gobe Litinin.

Litinin, 16 ga Janairu

Hannuna na ciwo amma sai na rubuta.

Iska ta lafa gab da wayewar gari. Na ba Orest shayi, na ajiye masa waya da sandarsa kusa, na ce kada ya motsa. A kwanar da hanya ta gangara tarin ya fi katafilar tsayi, sai da na riƙa cin sa daga sama, hawa-hawa. Na wuce rabi sai injin ya haɗiyi wani guntun katako da iska ta kawo, ƙusa ta karye, katakon ya maƙale a cikin ƙarfen. Na kashe komai, na sauka, na yi ta dukansa da guduma. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ya fita, na sa sabuwar ƙusa, na ƙarasa har titi. Na juyo ina waƙa.

Na tarar da Orest a ƙasa, a dandamalin shiga gida, ƙofar waje a buɗe, ƙanƙara ta shigo ta rufe masa ƙafafu. Takalmi ɗaya a ƙafarsa, kwat a hannu ɗaya. Leɓensa ya yi shuɗi. Na ja, na ɗaga, na sa kafaɗa, ko gezau. Mutumin da ya rame haka, ashe har yanzu ya fi ƙarfina.

Motar asibiti daga Yorkton sai ta jira gireda. Gida ɗaya ne kusa.

Doreen ce ta ɗauka. Na ce Nadiya ce, Orest ya faɗi. Ban kai ƙarshe ba na ji tana kiran Marvin. Ya zo ko hula babu, ya sungumi Orest kamar ɗan maraƙi ya kai shi gaban murhu, yana murza masa ƙafafu yana ce masa tsohon banza, ina za ka da takalmi ɗaya. Da ya ɗumama, gireda ma ta wuce, ya sa shi a mota, ya bi mu a baya har asibiti. Bai ce mini komai a kan coci ba. Ni ma ban ce ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

An yi wankin. Mun makara, amma an yi. Ba mu rasa ba. Lesya ba ta da abin cewa.

Laraba, 18 ga Janairu

A hanyar dawowa daga asibiti Orest ya ce in tsaya a gefen titi. Na ɗauka amai zai yi.

Ya ce ya kira Lesya jiya ina waje. Ya ce mata in ɗaki ya samu a gidan tsofaffin, yana so.

Na ce me? Na ce ranar nawa muka rasa? Na ce na ɓata da maƙwabta, na zama abin nuni a coci, yatsuna sun fashe, duk don wa? Na daki sitiyari har ham ya yi ƙara. Ya bar ni na gama.

"Hanya kam kin gama da ita, Nadiya, ni ban taɓa share ta haka ba. Amma da na ji injin ya yi shiru, ya daɗe bai tashi ba, na ce hannunki ne ya shiga ƙarfen nan. Na tashi in zo. Ko ƙofa ban wuce ba. Ina kwance ina jin sanyi, ba mutuwata nake tunani ba, ke nake gani a can kina kira, ni kuma ga ni." Ya juya yana kallon gona. "Ba zan iya sake zama a tagar nan ina sauraron injin ba."

Na ce sai ya daina saurare. Ya ce to in cire masa kunne.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na tayar da mota.

Asabar, 21 ga Janairu

Ba na yi masa magana sai ta abinci da magani. Shi kuwa har fito yake yi. Munafuki.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Ɗaki ya samu, wani ne ya rasu. Lesya ta zo da kwalaye. Wai zuwa bazara ne kawai, a gani. Duk mun san ƙarya ne, muka yi ta maimaita wa juna.

Na share hanyar tun safe, na faɗaɗa ta har mota biyu sa wuce. Ban san don me ba. Da muka fita bai waiwayi gidan ba, hanyar yake ta dubawa, gefe da gefe, kamar mai duba aikin ɗan kwangila.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Asibitin na tsallaken titi da su, a keken guragu ake tura shi. Na same shi yana karta da wani tsoho ɗan Canora, suna zargin juna da maguɗi. Kumatunsa sun ɗan ciko. Ya ce miyar borsh ɗinsu ruwan wanke kwano ce, amma ya shanye.

Na ji haushin ganinsa haka. Na dawo gida na rasa wanda zan gaya wa.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

An zuba ƙanƙara jiya, mai yawa. Na farka da duhu kamar kullum, ƙafata har ta sauka tana neman takalmi, sai na tuna. Na ce bari in ɗan ƙara minti biyar.

Wayar Orest ce ta tashe ni, rana ta riga ta cika ɗaki. Rabon da in yi barci irin wannan tun kafin ya kwanta ciwo. Ba zan gaya wa Lesya ba.

Ya ce ya ga yanayin ta tagarsu, kada in zo yau, in bar hanyar sai gobe in iska ta kwanta, ba inda za shi. Na buɗe baki in ce masa ba shi zai tsara mini ranata ba, tunda shi ya zaɓi zaman gari. Maganar na nan a kan harshena.

Na ce to.

Ina jin numfashinsa a wayar. Ya ce, "Nadiya, lafiya kike?"

Na ce lafiya lau, shayina ne zai huce. Ban ma ɗora ruwan ba. Na ja bargo na koma.